Yadda manyan ɗalibai za su horar da ƙanana a ƙungiyar muhawara

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana, kuma ni aka ɗora wa kula da ƙungiyar muhawara. Bana sababbin shiga sun kai ashirin da huɗu, yawancinsu 'yan aji uku da aji huɗu. Ga darussana, ga makin jarrabawa, ba zan iya zama da kowace yarinya ba. Ina da manya shida da suka taɓa zuwa gasa, biyu 'yan aji shida, huɗu 'yan aji biyar. Bara na bar manya su koya wa ƙanana, sai suka riƙa rubuta musu jawabi suna haddacewa. Ranar gasa yaran suka kawo jawabi tiryan-tiryan, amma da aka zo mayar da martani sai suka yi tsit. Shin dabarar ce ba ta da kyau, ko akwai yadda ake tsara ta?"

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki da kyau, abu biyu kike son sani: ko ɗaliba za ta iya horar da ɗaliba 'yar'uwarta har a ga amfani, da kuma dalilin da ya sa yaran da suka iya jawabi suka kasa martani. Dabarar ba ta da laifi, kuma da yawan yaranki ba ki ma da wata hanyar. Abin da ya faru bara shi ne an danƙa wa manya aiki ba a gaya musu ko mene ne aikin ba, su kuwa sai suka yi wa ƙanana abin da aka yi musu lokacin da suka shigo. Aikin babbar ɗaliba shi ne ta yi tambaya, ta saurara, ta riƙe agogo, ta gyara. Ranar da ta ɗauki biro ta fara rubuta wa ƙarama jawabi, horon ya ƙare.

Wace irin muhawara kuke shirya wa?

Sai an fara daga nan, domin hadda tana cin gasa a wani tsari, a wani kuma ita ke kayar da yaro. Tsarin da yawancinmu muka taso muka tarar shi ne na babban mai magana da masu mara masa baya, a buɗe da doguwar gaisuwa ga shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, a ɗauko maudu'i irin su "likita ya fi manomi", a ba da maki kan Turanci da tsayuwa da tsaftar kaya. A nan yarinya mai ƙwaƙwalwa da murya za ta iya haddace shafi biyu ta tafi da kofi.

Tsarin gasar makarantun sakandare ta duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, daban yake, kuma gasanni da dama suna kwaikwayonsa ko da sun rage mintunan. Kowane ɓangare mutum uku ne, kowa minti takwas, sannan mai magana na farko ko na biyu ya dawo ya yi jawabin rufewa na minti huɗu, 'yan adawa ne ke fara rufewar. Daga ƙarshen minti na farko zuwa farkon minti na ƙarshe, abokan karawa suna iya miƙewa su nemi katse wa mai magana hanzari da gajeriyar tambaya, shi kuma ya karɓa ko ya ƙi. Wasu maudu'an ana ba da su tun da wuri, wasu kuwa sai awa ɗaya kafin a fara. Makin kashi uku ne: 40 na abin da aka faɗa, 40 na yadda aka faɗe shi, 20 na dabarar tsara jawabi da sanin abin da ya fi muhimmanci a muhawarar. Mai magana ta uku a wannan tsari kusan duk jawabinta martani ne, ba abin da za ta haddace daga ɗakin kwana.

Ra'ayina shi ne ku yi horo da tsari na biyu ko da gasar da za ku je ta farkon ce. Yarinyar da ta iya gina hujja da bakinta, koyon gaisuwar buɗe taro ba zai ɗauke ta minti goma ba. Wadda ta saba da hadda kuwa, zango guda ba ya isa a raba ta da ita.

Zaɓen masu horarwa da shirya su

'Yan aji biyar ɗin nan huɗu su ne masu horarwarki. Ki raba ashirin da huɗu gida huɗu, kowace ta ɗauki shida, domin shida ita ce ƙungiya biyu ta mutum uku-uku, kowane rukuni zai iya yin cikakkiyar muhawara a cikinsa. 'Yan aji shida kada ki ɗora musu rukuni. Da zango na biyu ya shigo hankalinsu zai koma kan JAMB da WAEC da NECO, kuma da gaskiyarsu, sai rukunin ya zama maraya a tsakiyar shekara. Ki sa su alƙalanci sau ɗaya a mako biyu a zango na farko, daga nan ki sallame su.

Kada ki ɗauka wadda ta fi kowa iya magana ita za ta fi iya koyarwa. Sau da yawa gwanar ba ta san yadda take yin abin ba, haka kawai yake zuwa mata, don haka in ƙarama ta tsaya inda-inda sai haƙurinta ya ƙare ta ce "kawo in nuna miki". Wadda ta sha wahala kafin ta iya ta fi sanin inda ake tuntuɓe. In a cikin huɗun akwai irin wannan gwanar, ki ba ta rukunin da ya fi ƙarfi, ki kuma sa mata ido.

Kafin su taɓa ƙananan, ki zauna da su sau biyu ko uku su kaɗai. A zama na farko ki kafa doka ɗaya da ba a karya ta: biro yana hannun ƙarama. Babba ba ta rubuta ko jimla ɗaya a littafin yarinya, ba ta kuma yi mata shifta. A zama na biyu ki sa 'yan aji shida su yi jawabi ɗaya-ɗaya, huɗun nan kowace ta ba da maki a ɓoye, sannan a buɗe a kwatanta. A ma'aunin gasar duniya jawabi ba ya sauka ƙasa da 60, ba ya wuce 80, matsakaici kuwa 70 ne. Za ki ga wata ta ba da 78 wata 64 a kan jawabi guda. Kowace ta faɗi dalilinta har tazarar ta dawo maki uku ko huɗu. In ba a yi wannan ba, rukuni huɗu za su koyi abu huɗu mabambanta, abin da ake yaba wa yarinya a nan shi ake kushe wa wata a can.

Yadda zama yake tafiya

Zama biyu a mako ya isa, kowane awa ɗaya da kwata, bayan la'asar ko duk lokacin da jadawalin makarantarku ya ba ƙungiyoyi. Na farko na koyon fasaha ɗaya tak, na biyu na cikakkiyar muhawara. A zaman fasaha, minti goma na farko kowace yarinya ta zari takarda mai ɗauke da batu ta yi magana ta minti ɗaya ba shiri. Babba ta yi bayanin fasahar ranar cikin minti goma, kada ta wuce, don manya suna son lacca. Minti arba'in na gaba bakin ƙanana ne ke aiki, sauran kwatar kuma gyara. Ma'aunin da za ki riƙe in kin leƙa aji mai sauƙi ne: in muryar babba kike ji fiye da ta ƙanana, zaman ya karkace.

A muhawarar gwaji kada a fara da minti takwas. Sabuwar shiga ba ta da abin faɗa na minti takwas, tilasta mata shi ke jefa ta cikin hadda. A fara da minti biyu, bayan mako uku a koma uku, zuwa ƙarshen zango a kai biyar. A riƙa jefa ƙuri'a a kan ɓangaren da kowace za ta kare, kuma lokaci-lokaci a juya su su kare abin da suka soka a makon jiya.

Fasaha ta farko ita ce gina hujja, kuma nan ne za a ga bambancin mai horarwa da mai rubuta jawabi. Hujja tana da gaɓa huɗu: abin da kike iƙirari, dalilin da ya sa yake gaskiya, misali ko shaida, da kuma wanda abin ya shafa da girman abin da zai same shi. Yara suna kawo ta farko su tsaya. A ce maudu'in shi ne a riƙa koyar da yaran firamare da harshen uwa. Ga yadda ya kamata zancen ya tafi:

"Mece ce hujjarki?"

"Yaya, yara sun fi ganewa da harshensu."

"Me ya sa suka fi ganewa?"

"Don shi suke ji a gida."

"To in shi suke ji a gida, sai me ya faru a darasin lissafi?"

Yarinyar za ta yi shiru. A nan ne babba za ta danne zuciyarta ta ƙirga goma a ranta. Sau da yawa amsa tana fitowa: "Ba sai sun yi fama da Turanci da lissafin a lokaci guda ba, hankalinsu zai tsaya kan lissafin." Wannan jimla tata ce, ko an tashe ta daga barci za ta iya kare ta. Sai babba ta tambaya ko an taɓa gwada haka a wani wuri. In ba ta sani ba, a nuna mata inda za ta nemo: ta binciko gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare. Ta dawo ta faɗa da bakinta. Sannan tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce ƙofar martani: "In ke ce a ɗaya ɓangaren, ta ina za ki kama wannan?" Daga nan za a ji zancen ajin da ke Sabon Garin Kano mai yara masu harsuna barkatai, da rashin littattafan kimiyya a harsunan gida, da cewa jarrabawar ƙarshe da Turanci ake rubuta ta.

Abin da za ta hau dandali da shi kati ne da bai wuce tafin hannu ba, kowane layi kalma huɗu ko biyar don tuni. Duk katin da aka samu cikakkiyar jimla a kai, a mayar a sake.

Martani daga kunne yake farawa

Yaranki ba don rashin basira suka yi tsit ba. Lokacin da abokan karawa ke magana, su suna can suna bitar haddarsu a zuci, ba su ji abin da aka faɗa ba balle su mayar. Maganin wannan takardar bibiya ce. A kwantar da shafin littafi a kaikaice, a ja layuka a raba shi gida shida, gida ɗaya ga kowace mai magana. Duk hujjar da aka kawo a rubuta ta a taƙaice a gidan mai ita, in wata ta amsa ta a rubuta amsar daura da ita a ja kibiya. Hujjar da ba kibiya a gabanta ba a taɓa ta ba ke nan, kuma mai magana ta gaba ta san inda za ta nufa. Kowa a ɗakin yana cika tasa takardar, har waɗanda ba sa magana ranar, babba kuma ta karɓa ta duba a ƙarshen zama. Makonnin farko za ki ga yara suna ƙoƙarin rubuta kowace kalma suna rasa rabin jawabin. A koya musu gajarta kalmomi da amfani da alamomi.

Shi kansa martanin taki huɗu ne: sun ce kaza, mu mun ce ba haka ba ne, saboda kaza, don haka kaza. Misali: "Sun ce ba littattafan kimiyya da Hausa. Mun ce wannan matsalar buga littafi ce, ba ta harshe ba, saboda littafi gwamnati ce ke sa a rubuta in ta ga dama. Don haka hujjarsu ta nuna aikin da ya rage ne, ba ta nuna tsarin ba shi da kyau ba." Atisayensa shi ne babba ta faɗi hujja ɗaya cikin daƙiƙa talatin, ta nuna yarinya, a ba ta daƙiƙa goma sha biyar ta yi tunani, ta mayar da taki huɗun. A zagaya har kowace ta yi sau uku. Kurakurai biyu ke yawan fitowa. Na farko maimaita hujjar kai da ƙarfin murya a ɗauka an yi martani. Na biyu kama ƙaramin abu, kamar kuskuren furuci ko shekarar da aka faɗa ba daidai ba, a bar uwar hujjar tana tsaye. Babba ta riƙa tambaya: "A duk abin da suka faɗa, wanne ne in alƙali ya yarda da shi mun faɗi?" Shi ake fara kai wa hari.

Tambayar katse hanzari a bar ta sai mako na huɗu ko na biyar. Ƙa'idar da ake koya wa mai magana ita ce ta karɓi ɗaya ko biyu, ta karɓa bayan ta ƙarasa jimlarta, ta amsa a taƙaice ta koma kan hanyarta. Mai tambaya kuma kada ta wuce daƙiƙa goma sha biyar.

Akwai batun harshe, wanda ba a cika faɗarsa ba. Yarinya tana iya samun amsa sarai a kanta da Hausa, tsoron kada ta yi ɓarin Turanci a yi mata dariya ya rufe mata baki. A makonni uku na farko ki bar su su gina hujja su yi martani da Hausa, sannan nan take su sake faɗar abin da Turanci. A lokacin atisayen martani kada babba ta tsayar da yarinya don gyaran nahawu. Ta rubuta kurakurai biyu ko uku da suka fi maimaituwa, a gyara su a ƙarshe ga kowa da kowa ba tare da kiran suna ba.

Gyara, da abubuwan da ke lalata shirin

Manya sun fi kuskure wajen gyara. Wata za ta zazzage wa yarinya laifi goma sha biyu, wata kuma ta ce "kin yi ƙoƙari" ta wuce, duka biyun ba wanda ke koyar da komai. Tsarin da ke aiki shi ne a fara tambayar yarinyar inda ita ta ji ta kasa, sannan babba ta faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da ainihin wurinsa, ta kawo gyara biyu kacal. "Ba ki da tsari" ba gyara ba ne. "Hujjarki ta biyu ba ta da misali, kuma kin shiga ta uku saura daƙiƙa ashirin" gyara ne. Sai yarinyar ta miƙe ta sake wannan gaɓar a take, ko ta rabin minti ce. In kina da hali ki ɗauki jawabi ɗaya-biyu da wayarki a kunna musu, mai cewa "eh, eh" sau ashirin ba ta yarda sai ta ji da kunnenta.

Babban haɗari a makarantar kwana siniyanci ne. Yarinyar da aka sa ta tsallen kwaɗo jiya da dare ba za ta iya kallon idon wadda ta sa ta ta ce hujjarta ba ta da ƙarfi ba, alhali ainihin abin da ake son ta koya ke nan. Ki faɗa a gaban kowa cewa a cikin ƙungiya ba horo na hukunci, ba aike, ba ɗiban ruwa ko wanki a madadin koyarwa. Zama ya kasance a azuzuwa a lokacin da aka tsayar, ke kuma kina zagayawa, kada a mayar da shi ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Ki kuma sa manya su riƙa karawa da ƙanana lokaci-lokaci, a ba manyan ɓangaren da ya fi wuya. Ranar da 'yar aji uku ta kama siniyarta da tambaya aka tafa mata, tsoron zai ragu sosai.

Bayan mako huɗu ki juya rukunai. In ba haka ba yara shida za su fito da salon mutum ɗaya, har da yadda take kaɗa hannu da kurakuranta. Juyawar tana kuma rage 'yan lele. Ki lura da ƙirƙirar alƙaluma, domin manya suna koya wa ƙanana cewa "bincike ya nuna kashi 80 cikin 100" yana burge alƙalai. Dokar ita ce duk lambar da ba a san inda ta fito ba, ba a faɗar ta. Ku buɗe littafi ɗaya na ƙungiya inda ake tara tabbatattun bayanai, irin su dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 mai wajabta karatun shekara tara kyauta, kowanne da inda aka samo shi, ke kuma ki sa hannu kafin a shigar.

Abin da ba a bar wa ɗalibai

Zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta naki ne. Ki ji ra'ayin manya, amma ki yanke da kanki bayan muhawarar tantancewa da kowa ya gani, in ba haka ba za a ce an yi son kai, ko da ba a yi ba. Maudu'in da ya taɓa addini ko ƙabila ko siyasar jam'iyya sai ya bi ta hannunki. Takardar gayyatar kowace gasa ma ke za ki karanta, domin mintuna da yawan masu magana da yadda ake rabon maki suna bambanta, manya kuwa tsarin gasar da suka je bara kawai suka sani.

Kuma babba ba za ta kai ƙarama inda ita ba ta je ba. Su ma huɗun nan suna bukatar nasu horon, ko sau ɗaya a mako biyu, da karawar sada zumunci da wata makaranta a kowane zango. In kuna da tsofaffin ɗalibai da ke muhawara a jami'a, a gayyato su lokacin hutunsu. A can galibi tsarin majalisar Birtaniya ake bi, ƙungiya huɗu ta mutum biyu-biyu, jawabin minti bakwai, shirin minti goma sha biyar, don haka a gaya musu tun farko su koyar da hujja da martani, su bar dokokin tsarinsu.

Kada ki auna shirin da kofi a zangon farko, wataƙila ma yaran su fi na bara inda-inda a gasar farko, tunda ba hadda. Gwajin da zai gaya miki gaskiya ki yi shi a mako na takwas: ki ɗauki yarinya ɗaya daga kowane rukuni ba tare da sanarwa ba, ki ba su maudu'in da ba su taɓa ji ba, shirin minti ashirin, manya suna waje. Kowace ta yi magana ta minti biyu, ta kuma amsa hujja ɗaya ta wadda ta gabace ta da taki huɗun nan. Rukunin da yarinyarsa ta kasa, ki karɓi littattafansu ki duba rubutun hannun wa ke ciki.